Tashar Jirgin Ƙasa a Damargu: Auna Yiwuwarta a Gundumomin Tanut da Belbeji

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ko gina tashoshin jirgin ƙasa a gundumomin Tanut da Belbeji, cikin jihar Damagaram, abu ne mai yiwuwa kuma mai riƙe kansa. Ta bi tarihin fataucin yankin, ta auna irin kayan da jirgi zai samu ya ɗauka, sannan ta ƙiyasta kuɗin aikin bisa farashin layin Kano zuwa Maraɗi. Matsayinta shi ne, garin Bakin Birji da ke gundumar Tanut kaɗai ke da kayan da za a iya kafa hujjar tasha a kansu, shi ma da sharaɗi. Tanut tana iya biyo baya a matsayin wurin lodin dabbobi, Belbeji kuwa hanyar mota mai kyau ta fi yi mata amfani.

Gabatarwa



A watan Fabrairun 2021 gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba kwangilar a kan kusan dalar Amurka biliyan 2. Daga Daura zuwa Zinder ta Kwangwalam da Matamaye bai kai kilomita 150 ba. Don haka ba laifi ba ne mutumin Damagaram ya tambayi yaushe jirgin zai iso gare shi, na Damargu kuma ya ce in ya iso Zinder, me zai hana ya haura arewa?

Tambayar halas ce, amma sau da yawa ta kan tasha ake fara ta: a wane gari za a gina, wa zai samu, wa za a tsallake. A wajen masu tsara sufuri tasha ita ce ƙarshen lissafi. Sai an san kayan da za a ɗauka, da inda za su, da yawansu a kowane wata na shekara, kafin a ja layi, sai an ja layi kuma kafin a ce ga inda jirgi zai tsaya. Da wannan jeri zan bi batun.

Kalmar tasha ma abubuwa uku take rufewa, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Akwai matsayar fasinja, dakali da rumfa kawai. Akwai wurin kaucewa, inda ake shimfiɗa layi na biyu na ɗan tsawo don jirage biyu su wuce juna a kan layi guda. Sannan akwai tashar kaya mai sito da ma'auni da layukan juya taragu da ma'aikata na dindindin. Ta ukun ce ke cin kuɗi, ita ce kuma ake nufi a nan duk inda ba a fayyace ba.

Abin da jirgin Kano ya taɓa yi wa Damargu

Damargu ba baƙuwar sufurin nesa ba ce. A ƙarni na 19 ita ce rumbun Abzin: Buzayen Kel Ewey suna saukowa da gishirin Bilma da Fachi su koma da gero, ayarin Tarabulus zuwa Kano kuma yana yada zango a garuruwanta irin su Jajiduna. A nan Damargu, a Tagelel, Bature matafiyi Richardson ya rabu da abokan tafiyarsa Heinrich Barth da Overweg a watan Janairun 1851, saboda wurin mararraba ce ta Zinder da Tasawa da Katsina.

A 1911 layin dogo daga kudu ya iso Kano. Cikin 'yan shekaru fata da ƙiraga da sauran hajar da raƙumi ke kai wa Bahar Rum suka juya zuwa Ikko, gyaɗa ta zama sarauniyar kasuwa, fataucin hamada ya durƙushe. Stephen Baier ya bi diddigin wannan sauyi a littafinsa na 1980 kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar. Abin lura a nan shi ne, jirgin da ya sauya rayuwar Damargu bai taɓa taka ƙasarta ba. Daga nisan ɗaruruwan kilomita ya janye mata ciniki. Ke nan layin Kano zuwa Maraɗi zai taɓa kasuwannin Tanut da Belbeji ko an gina musu tasha ko ba a gina ba, domin ɗan kasuwa yana bin inda kuɗin dako ya fi sauƙi.

Turawan Faransa ma sun yi mafarkin ratsa Sahara da dogo tun shekarun 1870. Ayarin Kanar Flatters da aka tura neman hanya an hallaka shi a 1881. Gwamnatin Vichy ta sake tayar da maganar a 1941, aikin bai wuce kudancin Aljeriya ba. Fiye da shekara ɗari ke nan ana zana wannan layi a taswira, abin da ke kayar da shi kuma bai sauya ba: nisa mai yawa, kaya kaɗan.

Yamai zuwa Doso

Misali mafi kusa yana cikin gida. A watan Afrilun 2014 aka buɗe tashar Yamai, a watan Janairun 2016 kuma aka yi bikin kammala layin Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa. Niyya ita ce a haɗa shi da Paraku, inda tsohon layin Kwatano ya tsaya. Shari'a da kamfanin Petrolin na Samuel Dossou a kotunan Benin ta tsayar da ɓangaren kudu, layin ya zauna bai haɗu da komai ba, bai kuma taɓa yin jigilar kasuwanci ta yau da kullum ba. An gina tasha, an shimfiɗa ƙarfe, an yi biki, sai dai babu teku a ƙarshen layin. Duk wanda zai ba da shawarar tasha a Damargu ya wajaba ya nuna abin da zai hana a maimaita wannan.

Me jirgin zai ɗauka?

Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Tanut mutum sama da dubu 400, warwatse a ƙananan hukumomi biyar: Tanut, Olelewa, Gangara, Falanko da Tenhiya. Belbeji, wadda aka cire daga Tanut a 2011, ƙaramar hukuma ɗaya gare ta, wato Tarka, mutanenta kuma ba su kai dubu 100 ba a lokacin. Garin Tanut kansa wajen mutum dubu 20 ne. Jama'a ta ƙaru sosai tun daga nan, amma yanayin zaman bai sauya ba: ƙauyuka da rugage da zangon makiyaya, nesa da juna. Fasinja irin wannan ba ya riƙe layin dogo. Mai zuwa cin kasuwa daga ƙauye yana son motar da za ta ɗauke shi da buhunsa da akuyarsa a bakin hanya, ta sauke shi a bakin kasuwa. Mai tafiya Agadas ko Yamai kuwa yana da bas ɗin Rimbo da takwarorinsa. Jirgi ɗaya a yini, a tashar da ke bayan gari, ba zai ƙwace waɗannan mutane ba.

Saura kaya. Mafi nauyi a duk yankin shi ne man matatar SORAZ da ke ƙaramar hukumar Olelewa, kusa da Bakin Birji, kimanin kilomita 50 arewa da Zinder. An buɗe ta a watan Nuwamban 2011, kamfanin CNPC na Sin yana da kashi 60, gwamnatin Nijar 40, ɗanyen mai kuma yana zuwa mata ta bututu daga Agadem. Ƙarfinta ganga 20,000 ne a yini, wato kusan tan miliyan ɗaya a shekara. In aka ɗauka kowace tanka tana ɗaukar tan 30, to in matatar tana cikakken aiki, tanka wajen 90 ke nan kullum suke hawa kwalta. In aka mayar da wannan jirgi mai tarago 30, kowane tarago tan 50, jirage biyu ne a yini, rani da damina. Wannan shi ne irin kayan da dogo ke so: mai nauyi, daga wuri guda, ba ruwansa da kaka ko bazara.

Amma man ba waje ɗaya yake nufa ba, kuma nan ne lissafin ke rikicewa. Babbar kasuwarsa tana yamma, Maraɗi da Tawa da Doso da Yamai, har Mali da Burkina Faso. Kudu kuwa ƙofar tana ƙara ƙunci, tun da matatar Ɗangote mai ƙarfin ganga 650,000 a yini ta fara aiki a 2024. Bayan cire tallafin mai a Najeriya a 2023, fetur ɗin da ake shigowa da shi ta bayan fage ya ragu, buƙatar cikin gida ta koma kan SORAZ, har aka sha dogayen layuka a gidajen mai a watan Maris na 2025. Saboda haka jirgin da zai ɗauki man Bakin Birji, Maraɗi zai nufa, kusan kilomita 290. Daga can sai a sake juye shi cikin tanka a yi wasu kilomita 650 da ɗoriya zuwa Yamai. Kowane juyi kuɗi ne da ɓata lokaci da tsiyaya. Dogo yana cin mota ne a doguwar tafiya, inda rahusar kowace kilomita ke biyan wahalar lodi da saukewa. A gajeren zango mota ce ke da nasara.

Dabbobi su ne na biyu, kuma su ne dukiyar Damargu ta asali. Shanu da raƙuma da tumaki da awaki suna fitowa daga arewacin Tanut da kwarin Tarka, su bi kasuwa zuwa kasuwa har su faɗa Mai'aduwa ko Maigatari, daga nan manyan motoci su kai su kudancin Najeriya. Jigilar shanu a jirgi ba sabon abu ba ne, don a zamanin Turawa daga Kano da Nguru ake loda su zuwa Ikko, kuma a 2016 an sake gwadawa daga Gusau. Ribar a bayyane take: dabba ba ta ramewa a hanya, mutuwa tana raguwa, an kuma huta da shingayen karɓar na goro. Matsala biyu ce. Ta farko, cinikin na lokaci ne. Raguna suna tururuwa gab da Babbar Salla, makiyayi yana sayarwa da yawa in ciyawa ta ƙare ko gero ya yi tsada, sauran watanni kuma kasuwa ta lafa. Ta biyu, sarƙar cinikin tana hannun dillalai da fatake da masu masauki, waɗanda amana da bashi suka ɗaure su da kasuwannin da suka saba. Ba za su bar Mai'aduwa don an gina dakali a Tanut ba, sai sun ga jirgin yana tashi a ranar da aka ce, yana kuma isa inda mahauta suke.

A nan ma akwai cikas ɗin da ba a Nijar yake ba. Layin Kano zuwa Maraɗi mai faɗin milimita 1,435 ne, tsohon layin Kano zuwa Ikko kuwa 1,067. Sabon layi mai faɗi ya haɗa Abuja da Kaduna tun 2016, ya haɗa Ikko da Ibadan tun 2021, amma tsakanin Ibadan da Abuja ba a shimfiɗa ba. Har sai an cike wannan giɓi, saniyar da aka loda a Tanut sai an sauke ta a hanya an sauya mata tarago ko mota.

Hatsi ba zai daɗe da mu ba. Damargu da ta ciyar da Abzin yau takan ci bashin abinci a shekarun da damina ta gaza, kamar yadda aka gani a 1973, 1984, 2005 da 2010. Wake yana sauka kudu bayan kaka, masara da gero suna haurowa daga Dawanau da bazara. Wannan yana da amfani ɗaya babba, shi ne taragon da ya sauka da dabbobi ba zai dawo wayam ba, kuma a shekarar yunwa jirgi yana iya kawo abinci da dusar dabbobi da yawa cikin hanzari. Amfani ne na gaske, sai dai gwamnati ce za ta biya shi, kasuwa ba za ta biya ba.

Akwai masu kafa hujja da yuraniyom na Arlit. A ganina wannan hujja ba ta da ƙarfi. Ko a shekarun da haƙar ta fi albarka, abin da Nijar ke fitarwa bai kai tan 5,000 ba, wato lodin jirage uku ko huɗu a shekara guda cur. Mahaƙar COMINAK ta rufe a watan Maris na 2021, kuma hanyar da aka saba bi da kayan ta Tawa ce. A kwatanta da Muritaniya, inda layin Zuwerat zuwa Nuwadibu mai kilomita 704 ke ratsa hamada tun 1963: abin da ya riƙe shi shi ne tamar ƙarfe fiye da tan miliyan 10 a shekara. Ba mu da makamancin wannan a arewacin Tanut.

Kuɗi, yashi da burtali

In aka raba kuɗin kwangilar Kano zuwa Maraɗi da tsawon layin har da reshen Dutse, kowace kilomita tana kamawa kusan dalar Amurka miliyan 5. Da wannan ma'auni, daga Daura zuwa Zinder zuwa Bakin Birji, wajen kilomita 190, zai ci kusan biliyan ɗaya. Ta Maraɗi kuwa ya doshi biliyan ɗaya da rabi. Ƙarin kilomita 100 daga Bakin Birji zuwa Tanut rabin biliyan ne. In aka raba wannan rabin biliyan a kan mutanen gundumomin biyu bisa ƙidayar 2012, kowane mutum ya tashi da kusan dalar Amurka 1,000, abin da ya haura matsakaicin samun ɗan Nijar na shekara. In bashi aka ci a kan ruwa kashi 5 cikin ɗari, kuɗin ruwa kaɗai miliyan 25 ne duk shekara, kafin a sayi tarago ɗaya ko a biya albashin mai gadi.

Shimfiɗar ƙasar tana taimakawa, don babu manyan koguna ko duwatsun da za a fasa kafin a kai gaɓar Tigidit kusa da Agadas. Abokin gaba shi ne yashi. Da hunturu iska tana tara shi a kan ƙarfe, ya cike tsakuwar da ke riƙe layi, ya ci ƙafafun tarago, ya toshe makaucin layi. Maganinsa shinge da dashen itatuwa da ma'aikatan shara na kullum, kuma wannan kuɗi ne da ba ya ƙarewa. Da damina kuma koramu suna tasowa farat ɗaya su yanke hanya, kamar yadda direbobin hanyar Zinder zuwa Agadas suka sani sarai. Tashar dabbobi tana buƙatar ruwa mai yawa, a yankin da rijiyoyinsa ke da zurfin gaske.

Batun da na fi jin tsoron a manta da shi shi ne burtali. Dokar watan Mayun 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma gundumomin nan biyu a kan wannan iyaka suke zaune, inda gona da makiyaya ke goga kafaɗa. Dokar kiwo ta 2010 ta amince da 'yancin makiyayi na yin ƙaura da dabbobinsa. Layin dogo mai tudu ko mai shinge katanga ce a tsakiyar wannan zirga-zirga. In ba a bar mashigai masu faɗi a daidai burtalai da hanyoyin rijiya ba, garke zai karkata ya faɗa gonaki, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya. Hukumomin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, da sarakuna da shugabannin Fulani da Buzaye, su ya kamata su fara ganin taswirar kafin injiniya ya kafa turke.

Tsaro da siyasar iyaka su ma suna cikin lissafi. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ya tsayar da layin wata takwas. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sake rufe su daga 2023 zuwa farkon 2024, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Mota tana iya sauya hanya in an rufe ƙofa. Dogo ba ya iyawa, kuma bashinsa ba ya jiran a buɗe.

Wurare uku

Bakin Birji ce ta fi kowa hujja. Tana da matata a gefenta, tana da kasuwa, tana bisa kwalta, ita ce kuma mafi kusa da Zinder. Tashar kaya a nan tana da ma'ana in an cika sharaɗi biyu: dogo ya riga ya iso Zinder daga layin da ke aiki, kuma SORAZ da kamfanin dillancin mai na ƙasa, SONIDEP, sun sa hannu kan yawan man da za su riƙa lodawa na shekaru masu yawa. In babu wannan alkawari a rubuce, babu bankin da ya kamata ya ba da ko dala.

Tanut tana da girman hedikwata da tarihi, kuma na san wannan magana ba za ta yi wa mutanenta daɗi ba, amma kilomita 100 na ƙarfe don kayan da ke zuwa wata uku ko huɗu a shekara ba zai biya kansa ba. Abin da ya dace da ita a matakin farko shi ne a mai da ita matattarar dabbobi: garka mai ruwa, wurin duba lafiya da allura, ma'auni, da motocin da za su kai kaya Bakin Birji cikin awa biyu. In shekaru suka nuna yawan da ke wucewa ta nan ya isa cika jirgi a kowane mako, hujjar tsawaita layi ta samu da kanta. In kuma wata rana aka ja layin Agadas saboda wani dalili na ƙasa, dole a yi wuraren kaucewa a hanya, kuma liƙa musu dakalin fasinja a Sabon Kafi ko Tanut ba zai ci wani abin kirki ba.

Belbeji tana yamma da babbar hanya, wajen iyaka da Dakwaro. Karkatar da layi don a biya ta nan zai ƙara nisa ga kowane jirgi har abada, reshe na musamman kuma ba shi da abin ɗauka. Ƙaramin kaso na kuɗin reshen ya isa a yi mata hanyar da damina ba ta yankewa, gabas zuwa kwaltar Agadas, yamma zuwa Dakwaro, ta yadda duk tashar da ta fara aiki, ta Maraɗi ko ta Bakin Birji, dabbobin Tarka za su same ta cikin yini ɗaya.

Abin da za a iya farawa yanzu

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ayyuka biyu ba sa jiran bashi ko kwangila. Na farko ƙidaya ce: ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Zinder, tare da ma'aikatan kiwo da na kwastan, suna iya zama a kasuwannin Bakin Birji da Tanut da Belbeji kowace ranar kasuwa har shekara biyu, su rubuta dabba nawa da buhu nawa suka fita, ina suka nufa, nawa aka biya kuɗin mota, nawa aka kashe a shingaye. Shekara biyu aƙalla, don kada damina ɗaya mai kyau ko maras kyau ta ruɗe mu. Na biyu shi ne keɓe fili: ƙananan hukumomin Olelewa da Tanut su shata zirin da layi zai iya bi da filin tasha tun ƙasa tana da araha, a rubuta mashigan burtali a cikin takardar tun yanzu, a kuma bar manoma su ci gaba da nomansu a wurin har ranar da za a buƙace shi, bisa yarjejeniyar diyya da hukumar filaye ta shaida.